Ranar Da Muka Faɗa Gonar Doya Da 'Ya'yan Mutane

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina koyarwa, wasu ko an tuna min sai na yi dogon tunani kafin in gano su. Amma ranar da motar makarantarmu ta bar hanya ta kutsa gonar doya da yara a ciki, wannan kam ko na tsufa har na soma rikita sunayen jikokina ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na tuna haushi biyu nake ji, na mai makarantar da na kaina, kuma na kaina ne ya fi ci na.

A lokacin ina koyar da 'yan aji uku a wata makarantar kuɗi a nan cikin Lafia. Muna da motoci huɗu na ɗaukar yara, irin tsofaffin bas ɗin nan da suka gama wahala a wata ƙasa aka kawo mana su, aka shafa musu fenti ruwan ɗorawa. Kowace mota da direbanta da malama ɗaya mai raka yara, wadda ake kira antin mota. Ni aka ba motar da ke kai yaran Shabu da na wajen Kwandere, saboda a wannan hanyar gidana yake. Aikina in ƙirga yara in sun shiga, in ƙirga in sun sauka, in raba faɗa, in hana leƙe ta taga.

Direbanmu wani dattijo ne mutumin Doma, Baba muke ce masa. Ya yi shekaru yana jan manyan motocin doya zuwa kudu kafin ƙarfi ya ragu ya dawo jan yara. Bai yi boko ba, wayarsa ma ƙaramar nan ce mai tocila, amma mota ko tari ta yi ya san inda ke mata ciwo. Hausarsa ta kasuwar Lafia ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa.

Shi kuwa mai makarantar, in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, ba mugun mutum ba ne. Ciwonsa ɗaya, son kayan zamani da son a tafa masa. Wani hutu ya je taro a Abuja, ya dawo mana da abin da ya kira tiraka. Aka liƙa wa kowace mota wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, aka ce iyaye su sauke manhaja a wayoyinsu. Daga gida uba zai ga ɗigon motar yana tafiya a kan taswira, ya san ɗansa ya wuce kasuwa ko bai wuce ba. Ban da wannan, kowace safiya kafin mota ta tashi sai an shiga manhajar an danna lafiyarta: taya, birki, fitila, mai, ruwa. Mai lafiya a danna masa kore, mai matsala a danna masa ja, kuma duk abin da aka danna iyaye na gani nan take. Ranar da ya nuna wannan a taron iyaye sai da aka miƙe tsaye ana tafi. Ni ma na tafa, har tafin hannuna ya yi zafi.

Da yake wayar Baba ba ta ɗaukar manhaja, dannawar ta faɗo kaina. Shi zai zagaya motar ya duba, ya faɗa min, ni in danna.

Haka muka yi ta tafiya lafiya har wata safiyar Litinin. Baba ya hau, ya taka birki, ya sake takawa, sai ya girgiza kai.

"Anti, wannan birki ba shi da lafiya fa. Ina taka shi yana shiga ƙasa. Sai na buga shi sau uku kafin ya kama. Kai ka sa masa ja."

Na sa masa ja. Ai abin da aka ce mu yi ke nan.

Wallahi ko fita daga harabar makaranta ba mu yi ba wayoyin ofis suka ɗauki ruri. Wannan uwa ta kira, wancan uba ya kira. Wasu suka hana 'ya'yansu shiga motar, suka kawo su da kansu. Wata mata ta zo a kan acaɓa da zanin barci a ƙarƙashin hijabi tana tambayar ko hatsari aka yi. Da muka dawo daga ɗauko yara, a hankali kamar masu rakiyar amarya, na tarar mai makaranta yana jirana a ƙofar ofis.

"Malama, kin san abin da kika jawo min yau?"

"Yallaɓai, Baba ne ya ce birki yana nutsewa."

"To ba sai ki zo ki faɗa min a baki ba? Sai kin shelanta wa duk garin Lafia? Ja fa yana nufin mota ta mutu. Ta mutu ne? Ba ita ta kawo ku ba yanzu?"

Na ce masa ai shi ya ce mai matsala a danna masa ja. Ya ce in daina mayar masa da magana, makarantu nawa ne a garin nan suke jira ya yi tuntuɓe su kwashe masa yara. Kafin a tashi ranar aka kafa sabuwar doka: ba wata antin mota da za ta sake danna ja sai da izinin ofis. Izinin kuwa ba wadda ta taɓa samunsa. Ka ji fa, an sayo na'ura daga Abuja don ta faɗi gaskiya, sannan an kafa mata dokar yin shiru.

An dai kira bakanike. Wani ne mai gareji a gindin mangwaro bayan katangar makarantar, kowa Injiniya yake ce masa. Ya shiga ƙarƙashin motar ya fito, ya ce bututun man birki ne ya tsage yana yoyo, sai an canza, kuma in za a yi aikin kirki motar za ta kwana a wurinsa. Mai makaranta ya ce ina, in ta kwana wa zai ɗauko yaran Shabu gobe? Saura mako uku a yi hutu, a lallaɓa ta zuwa lokacin. Injiniya ya ce lallaɓawa ai sana'arsu ce.

Ina tsaye da idona na ga lallaɓawar. Ya yanko robar tsohuwar tayar babur ya naɗe inda ya tsage tam. Sannan ya ɗauko gora ya zuba ruwa, ya barbaɗa omon wanki a ciki, ya jijjiga har ya yi kumfa, ya buɗe wurin man birki ya ɗura.

Na ce, "Injiniya, omo fa na ga ka zuba."

Ya yi dariya. "Anti, no wahala. Ai yana da santsi kamar man birkin. Tunda yoyo yake yi, in ka zuba mai na gaske ɓarna ne, ƙasa zai sha. Rabin motocin haya da kike shiga a garin nan da shi suke yawo."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce shi a zamanin da yake jan doya ya ga abin da ruwan omo ya yi wa wani abokinsa a gangare, in ƙarfe ya yi zafi ruwan tafasa yake, birki ya zama iska. Ya je ya faɗa wa mai makaranta da bakinsa. Aka ce masa tsufa ne ya sa shi tsoro, kuma in ya gaji da aikin akwai matasa a layi.

To daga ranar ga yadda safiyarmu ta koma. Baba zai buɗe bonet, ya ɗauko galan ɗin ruwan omo daga bayan kujerarsa, ya cika abin da ya tsiyaye, ya yi addu'arsa. Ni kuma in ciro waya in danna: taya kore, fitila kore, mai kore, ruwa kore, birki kore. Ranar farko yatsana ya yi nauyi. Rana ta uku ina dannawa ina cin ƙosai. Na ce wa kaina ai ba ni ce direba ba, ba ni ce bakanike ba, ba ni ce mai makaranta ba, ni 'yar dannawa ce kawai, kuma ban daɗe da samun aikin ba balle in yi wasa da shi. Duk uzurin da mutum yake nema in yana so ya yi barci da daɗi, na nemo shi na samu.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, tsakiyar damina, saura kwana takwas a yi hutu. An sheƙa ruwa da hantsi, da aka tashi kuma rana ta buɗe da zafi. Muka sha cunkoso a cikin gari, Baba yana ta taka birki yana saki, yana takawa yana saki. Muka sauke yaran Shabu, saura kamar goma sha biyu, yawancinsu ƙanana. Muka saki kwalta muka kama wata hanyar jar ƙasa da muke bi kullum. A hanyar akwai gangare mai ɗan tsawo, a ƙasansa kuma kwalbati siriri a kan rafi, mota ɗaya kawai yake ɗauka. Ranar rafin ya cika ya kawo, kuma a kan kwalbatin wata a-kori-kura ce ta mutu, maƙare da buhuna, mutane suna turawa.

Muna fara gangarowa na ji ƙafar Baba tana buga birki, fat, fat, fat, ba abin da ya kama. Bai yi ihu ba. Da muryar da yake tambayata ƙarfe nawa ya ce:

"Anti, riƙe yara. Birki ya tafi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na daka tsawa kowa ya sunkuyar da kai ya rungume kujerar gabansa. Wasu suka yi, wasu suka ɗauka sabon wasa ne suna dariya. Baba ya danna giya ta ƙasa, injin ya yi wani kuka kamar ana yanka shi, motar ta ɗan ja baya amma ba ta tsaya ba. Birkin hannu kuwa tun kafin in fara aiki a makarantar ya mutu. Ina hango masu turin a-kori-kurar nan sun ɗago kai suna kallonmu, ina hango jan ruwan rafin, bakina ba abin da yake fita sai Innalillahi.

Sai Baba ya murɗa sitiyari hagu da duk ƙarfinsa. Muka tsallake 'yar kwata muka faɗa wata gonar doya. Tulin ƙasar doyar nan da aka jera, ruwan safe ya jiƙa su sun yi laushi, su suka cece mu. Motar ta hau na farko ta fasa, ta hau na biyu ta fasa, sandunan da doyar ta naɗe suna karyewa suna dukan gilashi, mu kuma a ciki ana watsa mu sama da ƙasa, jakunkuna da kulolin abinci suna yawo a kanmu. A kan layi na nawa ne ban sani ba, tayoyin gaba suka nutse, motar ta tsaya cak, injin ya mutu.

Sai kukan yara ya ɓarke gaba ɗaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa ina shafa kawunansu, har sai da na sake ƙirgar sau uku. Duk suna nan. Amma wata 'yar shekara biyar da ke zama a kujerar gaba, yarinya mai shiru-shiru da kullum sai ta ajiye min rabin biskit ɗinta, ta bugi ƙarfen kujera da goshi. Wurin ya tsage, jini ya rufe mata ido ɗaya ya gangaro kan rigar makaranta. Ita ba ta ma kuka, kallona kawai take yi. Na cire ɗankwalina na ɗaure mata.

Muna fito da yara sai ga mai gonar, wata mata 'yar ƙabilar Tibi, ta taho a guje da fartanya a hannu tana zabga ihu.

"Wetin be dis! Doya na! Kai direba, ka sha giya ne? Hanya yana can, ka zo ka kashe min doya!"

Tana isowa ta ga yarinyar. Ta yar da fartanyar, ta karɓe ta daga hannuna, ta zauna a kan tulin ƙasa ta ɗora ta a cinya tana goge mata ido da bakin zaninta. Baba ya fara ba ta haƙuri, ta ɗaga masa hannu.

"Bar shi, Baba. Doya zai fito wani shekara. Pikin fa, ɗan mutum, in ya tafi?"

Daidai nan wayata ta yi ƙara. Mai makaranta ne.

"Malama, me kuke yi a cikin daji? Ga ku nan ina ganinku, kun bar hanya kun tsaya. Baba ya tsaya sayen doya ne da 'ya'yan mutane a mota? Ku koma kan hanya yanzun nan kafin iyaye su fara kira!"

Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar sai da mutanen kan kwalbati suka jiyo ni. Na ce masa e, doya muka tsaya saya, gona guda muka saya, ya taho da buhu. Na ce birkin da ya ce a lallaɓa ne ya gaji da lallaɓawa, ga yarinya nan jini ya wanke mata fuska, in tirakarsa tana nuna jini ya duba ya gani. Na kashe wayar tun bai amsa ba.

Ba zan zalunci na'urar ba, ta yi amfani ɗaya. Mahaifin yarinyar yana wurin aikinsa a Shabu, ya ga ɗigon ya kauce ya tsaya, bai kira kowa ba ya hau babur ya biyo taswirar har cikin gonar. Shi ya fara isowa. Na bar sauran yaran a hannun Baba da mai gonar da wasu iyaye da suka biyo baya, na hau bayan babur ɗin rungume da yarinyar muka nufi asibiti. Aka yi mata ɗinki. Likita ya ce da ƙarfen ya sauko kaɗan da idon ne.

Muna zaune a benci a waje muna jira ta farfaɗo daga allurar barcin da aka yi mata, sai uban ya ciro wayarsa. Mutum ne mai sanyin magana, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi.

"Malama, ni kullum kafin in sa ta a mota sai na duba nan. Ranar da ya nuna ja, ban bari ta shiga ba, ni na kai ta a babur. Washegari na ga ya koma kore, na ce alhamdulillahi sun gyara." Ya juyo min da fuskar wayar. Ga shi nan, na safiyar ranar, birki kore. "Wa yake danna wannan?"

Na so in ce ofis. Na so in ce doka aka kafa mana. Duk gaskiya ne, amma ba ita ce amsar tambayarsa ba.

Na ce, "Ni ce."

"Kin san bai gyaru ba?"

"Na sani."

 Ya mayar da wayar aljihu, ya ce Allah ya kyauta, ya tashi ya shiga wurin 'yarsa. Ni kuma na zauna a bencin nan ba ɗankwali, ina kukan da ban yi a gonar ba.

Washegari aka kira taron gaggawa. Kafin in iso har an shirya magana: direba ne ya tsufa, ya yi gudu a gangare, za a sallame shi a kawo matashi. An bar jaki ana dukan taiki. Mutumin da ya faɗa tun farko aka ce tsoro ne, mutumin da ya zaɓi gona maimakon rafi, shi za a kora. Na miƙe a gaban iyaye na faɗi komai, daga dokar hana ja har ruwan omo, kuma na fara da nawa laifin don kada wani ya riga ni. Daga baya ɗaya daga cikin sauran antin mota ukun ta ce ita ma tayar motarsu ta baya ta suɗe har zare ya fito, wata biyu tana danna mata kore.

Iyaye suka ce ba motar da za ta sake ɗaukar ɗa ko ɗaya sai an kai su duka babban gareji, kuma biyu daga cikinsu za su tsaya a kan aikin. Baba ya ci gaba da aikinsa. Abin da ya fi ƙona min rai, bututun nan da aka ce sai an jira hutu, da aka tashi canza shi ko awa biyu bai ɗauka ba. Ina tsaye aka fara, ban gama cin gyaɗar da na saya ba aka gama.

Na bar makarantar bayan shekara ɗaya, na koma wata. Kwanakin baya na haɗu da yarinyar a kasuwa tare da mahaifiyarta, ta zama budurwa har ta fi ni tsawo. Ita ta gane ni, ta rugo tana "Anti! Anti!" ta rungume ni. Da ta ɗago, ga tabon nan siriri a saman girarta. Ita ta manta yadda aka yi ma, dariya take tana ba uwarta labarin ranar da suka shiga gona da mota. Ni kuwa na kasa kallon fuskarta sosai.

Abin da ranar nan ta koya min shi ne, na'ura ba ta gyara mota, kuma ba ta ƙarya, abin da yatsan mutum ya faɗa mata shi take kai wa mutane. Duk wayar da ke nuna kore, akwai wani a can ƙarshenta da ya yarda da kai har ya miƙa maka ɗansa. Tun daga lokacin, in an ba ni abu in sa hannu a kan cewa lafiya yake, sai na gani da idona, in kuma ba lafiya ba zan ce ba lafiya, ko wa zai ɓata rai. Faɗan mai gida a ofis yini ɗaya ne ya wuce. Tambayar uba a bencin asibiti kuwa, shekara nawa ke nan, har yau ban gama amsa ta ba.